Filin Manoma: In Injin Ban-Ruwa Ya Ƙi Tashi

Ran nan ina zaune gindin rumfar wani bakanike a Fagge, sai ga wani manomi daga wajen Kura, ya ɗauko injinsa na ban-ruwa a mota, gumi sharkaf. Ya ce kwana uku ke nan tumatirinsa bai sha ba, ga shi kuwa ya fara fure. Ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi tsami, inji ko tari bai yi ba. Bakanike bai ko ɗauki sufana ba. Ya kwance murfin baƙin mai, ya leƙa, ya ƙara masa kamar rabin gwangwanin madara, ya ja sau biyu, inji ya kama. Mutumin nan ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ya yi asarar yini, furen tumatir kuwa wanda ya zube ya zube.

To, jama'a, abin da ya sa na ce bari mu yi zancen nan ke nan. Kakanninmu da jigo suka yi lambu, jigo kuwa ba ya ƙin tashi. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, yau da wuya ka ga mai lambu ba shi da inji. Wanda ya mallaki abu kuwa wajibi ne ya san halinsa.

Injin fetur abu uku yake bukata: mai, da iska, da wuta. In ya ƙi tashi, galibi ɗayansu ne ya yanke. Haka abin yake ga babur mai ƙafa uku da ake kwasar amfanin gona da shi, da mai ƙafa huɗu irin wanda makiyayan Ingila da Amurka ke ratsa saura da shi, sai dai su a fara duba batir.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Makunni yana kunne? Famfon mai a buɗe yake? An rufe cok, in injin da sanyi? Kada ka ji kunya, manya ma suna mantawa. Sa'an nan ka duba baƙin mai, injin yana zaune daidai bisa ƙasa. Ƙaramin Honda GX160 da ire-irensa abin da suke ci bai wuce lita 0.6 ba, kuma da yawansu an sa musu wata na'ura mai ɗauke wuta da zarar man ya yi ƙasa. Ko karkata injin ya yi a gaɓar rafi tana iya hana shi. Wasu makanikai sukan cire wayarta wai don a huta. Ni dai ban yarda ba, gama ita ce ke tsare maka fistan kada ya ƙone.

Sai fulogi, shi ne mai ba da labari. Kwance shi ka duba bakinsa. In ka same shi jiƙe yana warin fetur, mai ya yi wa injin yawa. Goge shi, buɗe cok, ka ja 'yan sau kaɗan, ka mayar. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, kankare shi. Tsakanin bakin nan nasa biyu milimita 0.7 zuwa 0.8 ake so, watau kaurin katin cirar kuɗi na banki. Sa'an nan sa masa hularsa, ka jingina shi jikin ƙarfen injin nesa da raminsa, wani ya ja igiya. Ka ga shuɗin tartsatsi, wuta lafiya. Ba ka gani ba, gwada sabon fulogi. In har yanzu shiru, maganar kwayil ce, ta bakanike. Kada ka riƙe shi da hannu tsirara, zai girgiza ka.

In kuwa fulogi busasshe ne ƙayau, mai ba ya isowa. Nan ne cutar ta fi yawa, musamman ga wanda ya jingine inji tun farkon damina da ragowar fetur a ciki. Fetur in ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe 'yar ƙofar kafireta, wadda ba ta fi bakin allura ba. Ga kuma na bumburutu, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗinsa ya hau, ba kowace jarka ce abin yarda ba. Akwai ɗan noti ƙarƙashin kwanon kafireta. Kwance shi, ka tari man cikin farar kwalba. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, don ya fi fetur nauyi. Zubar da duka, wanke kwanon, zuba sabo. Kada a yi wannan kusa da mai shan taba.

Soson iska kuma ƙurar hunturu ke kashe shi. Wanke shi da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai ka matse.

Saura igiya. In ta zo sakwaf ba nauyi, bawul ya maƙale ko ringi ya cinye. In ta ƙi jawuwa sam, ko dai tsakuwa ta shiga farfelar famfo, ko injin ya kafe. Kada ka tilasta. Wannan ne lokacin hawa mota zuwa Fagge. In an aike ka Sabon Gari sayen kaya, tafi da tsohon a hannu ka gwada su gefe da gefe, ka kuma sayo fulogi biyu, ɗaya na aljihu.

In ya tashi, kada ka bar shi ya yi gudu famfo ba ruwa a cikinsa, gama abin da ke toshe yoyo a ciki yana ƙonewa nan da nan. Cika shi da ruwa tukuna, kana ka ja.