Ban Gama Biyan Fili Ba, Zan Iya Sayar da Yarjejeniyar?

Tambaya: Na ba da kafin alƙalami kan wani fili a Kano, sai wani ya taya da riba. In miƙa masa yarjejeniyar?

Amsa: Ɗan'uwa, haƙƙin saye kawai ke hannunka, filin yana nan na mai shi. Ɗauko takardar ka karanta layi-layi, har ƙananan rubutun da ke kusa da sa hannu. In ta hana miƙawa, magana ta ƙare. In ba ta hana ba, ku ukun ku zauna gaban lauya da shaidu. Ɓoye wa mai fili ciniki shi ke kai mutane kotu, kuma abin yana damuna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya sunan mai takardar mallaka. Ka tambayi malamin fiƙihu hukuncin ribar. Kafin nan, kada ka karɓi ko sisi.