Kafin Naƙuda Ta Zo, A San Inda Ake Tiyata

Kuskuren da iyalai da yawa ke yi a karkara shi ne zaton kowane asibiti na iya yi wa mace aiki idan haihuwa ta gagara. Ƙaramin asibitin ƙauye awo da karɓar haihuwa yake yi. Ko babban asibitin ƙaramar hukuma, wani lokaci likita ɗaya ke riƙe da shi, ga ƙarancin mai sa barci, jini da wutar lantarki.

A 2015, kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ce ya kamata mutum ya iya isa inda ake tiyatar haihuwa cikin awa 2. Doguwar naƙuda kan kashe jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari, ciwon da ake kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina dominsa.

Tun ana zuwa awo, maigida ya tambayi ungozomar asibiti: wane asibiti mafi kusa ne ke tiyata har cikin dare? Ya karɓi lambar wayarsu.

A tanadi 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya da za su ba da jini, a ajiye kuɗin mota, a yi magana da direban da zai fito ko da tsakar dare. Maigida mai tafiya cin rani ya bar izinin kai matarsa asibiti a fili, kada a tsaya jiran dawowarsa.

Idan naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai cikin, a bar jiƙe-jiƙe a kama hanya nan take, tare da katin awonta.