Darasin Wannan Wata: Me Ke Kawo Yunwa Alhali Ga Hatsi a Kasuwa?

Duk wanda ya shiga kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram da kaka, zai ga buhunan gero da dawa da wake jibge. Amma idan damina ta yi tsakiya, wasu daga cikin manoman da suka kawo hatsin nan ba sa iya ɗora tukunya sau biyu a rana. Dalilai biyu ne manya.

Na farko shi ne sauyin yanayi. Hayaƙin masana'antu da na motoci yana taruwa a sama ya riƙe zafin rana, sai damina ta rikice. Wata shekara ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, wata kuma ya yi yawa. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A 2022 da 2024 kuwa, ambaliya ce ta cinye gonaki da gidaje a Jihar Jigawa. Abin lura, hayaƙin da Afirka ke fitarwa bai kai kashi 5 cikin 100 na duniya ba.

Na biyu shi ne rata tsakanin mai shi da marar shi. Ƙaramin manomi yakan sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da yake araha, don biyan bashi ko hidimar aure. Mai kuɗi ya saya ya ajiye. Da rumbu ya ƙare, sai manomin ya dawo ya auna da tsada, ko ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago. Baɗi kuma girbinsa ya ragu. Haka abin yake a duniya: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, ko da yake abincin da ake nomawa ya ishi kowa.

Abinci haƙƙi ne. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta faɗi haka, kuma a 2023 aka gyara tsarin mulkin Nijeriya, aka ɗora wa gwamnati aikin tabbatar da wannan haƙƙi. Musulunci ma ya wajabta zakkar hatsi idan ya kai nisabi: ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga wanda aka shayar da wahala.

Don haka ya kamata manoma su nemi iri mai saurin nuna wurin malaman gona, su bar itatuwan gawo a gonaki, su kuma kafa rumbun ƙungiya wanda za a buɗe lokacin tsada.

Tambayoyi:
1. Waɗanne abubuwa biyu ke kawo yunwa?
2. Me ya sa hatsi ke araha da kaka?
3. Wane amfani rumbun ƙungiya zai yi wa ƙauye?