Hakkin Mai Shigowa A Kan Mai Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A shekarar 2010 ne aka gane abin da ke kashe ƙananan yara a Dareta da Abare da Bagega ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Duwatsun zinariya ne ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, alhali suna ɗauke da gubar dalma. Yara wajen 400 suka rasu. Shi kuwa gidan ƙauye ba ya hana ɗan maƙwabci shiga, a tsakar gida ɗaya ake rarrafe, a kwano ɗaya ake ci. To, idan ɗan wani ya cutu a gidan wani, wa shari'a za ta kama?

Buhari da Muslim sun ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda rijiya ko ramin ma'adini ya halaka babu diyyarsa. Risalar Ibn Abi Zaid ta sa sharaɗi, watau ya zama ba da aikin wani ba ne. Imamu Malik kuwa ya bambanta: wanda ya haƙa rijiya inda aka halatta masa babu lamuni a kansa, wanda ya haƙa a hanyar jama'a zai biya.

Mas'alar da ta fi kusa da ta Anka ita ce ta katangar da ta karkata. A Muhtasar na Shehu Halilu, idan aka gargaɗi mai ita, ya sami halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa wani, to lamuni ya hau kansa. Gargaɗi ke nan ya sauya hukunci. Magidancin da ya daka dutse a gidansa kafin 2010 yana da uzurin rashin sani, kuma sau da yawa nasa 'ya'yan ya fara binnewa. Amma wanda ya koma bayan likitoci sun yi bayani, hukuma ta yi shela, an kankare ƙasar gidaje, lalle da wuya alƙali ya karɓi uzurinsa. Talauci gaskiya ne, sai dai bai halatta jinin ɗan maƙwabci ba.

Idan kuwa waɗanda aka cuta suna da yawa, shari'a ta yarda da wakilci a husuma, gari guda na iya naɗa mutum ɗaya ya tsaya musu gaban alƙali. Iyayen yaran Kano da aka gwada wa maganin Trovan a annobar sanƙarau ta 1996 sun haɗu sun kai kamfanin Pfizer ƙara har Amurka. Amma fa wakili amintacce ne kawai. Ba ya sulhu sai da izinin masu hakki, rabon maraya kuma waliyyinsa ne ke karɓa ya tsare masa.

Wallahu a'alamu.