Idan tsohuwar Porsche 911 ta fara zubar da baƙin mai: abin yi da abin bari

Maganar nan kan 911 ce ta da, wadda iska ke sanyaya injinta, wadda kamfanin na Jamus ya yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1998. Masu ita sun saba da ɗigo ɗaya ko biyu a ƙasan gareji. Amma ranar da ka ga mai ya kwanta a ƙasa, ko hayaƙi na tashi ta baya, wasa ya ƙare.

Ka kashe inji nan take idan fitilar mai ta kama kana tafiya. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai gida. A wannan mota baƙin mai shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ne kuma ke kwashe zafi mai yawa daga inji, tunda babu ruwa babu lagireto. Ga injin a baya yake, kusa da tayoyin da ke tura motar. Mai ya taɓa taya, kwana ɗaya ta isa ta juya da kai. Ya zuba kan salansa mai zafi, gobara ce. Ka kira janwe.

Kada ka auna mai inji na kashe. Nan ne mutane da yawa ke jawo wa kansu. Man 911 ba a gindin inji yake taruwa ba, tankinsa daban ne, a gefen dama ta baya, kuma motar na cin kusan lita 10 ko fiye. Ana aunawa ne bayan inji ya yi zafi sosai, yana silo, motar na tsaye a wuri madaidaici. Idan ta kwana biyu a ajiye, wani man yakan gangara daga tanki zuwa inji, sai sandar awo ta nuna kamar babu. Mai gaggawa ya ɗura lita biyu ko uku a kai, inji ya yi zafi, man ya kumbura ya bi ta tiyon numfashi ya shiga inda iska ke shiga, ya jiƙa filta, ya tsiyayo ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe. Sai a ce inji ya mutu, alhali cika shi aka yi ya yi ambaliya. Ka bar man a tsakiyar alamomi biyun nan na sanda, kada ka kai shi ta sama.

Kada ka kai ta wurin bakaniken da zai ce ai Beetle ce babba. Gaskiya ne tsofaffin hannu da suka yi aikin Volkswagen ɗin da aka harhaɗa a Legas sun san inji na baya mai fanka, kuma wannan sani yana da amfani. Amma Beetle lita biyu da rabi take sha, a gindin inji, ba ta da tanki, ba ta da dogayen bututan mai. Wanda bai san bambancin nan ba, kada ya ɗora mata sifana.

Ka wanke injin tas kafin ka zargi komai. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa don ƙazanta ne da ɓata lokaci. Inda mai ke ɗiga ba nan yake fita ba, kamar dai rufin ɗaki da damina: ruwa na sauka a tsakar ɗaki, hudar tana can wani gefe. Fankar 911 tana hura iska ta kan silinda zuwa ƙasa, iskar hanya kuma tana kora komai baya, don haka ɗigon da ya fito sama zai shafe gindin injin gaba ɗaya. Ka bar inji ya huce, ka rufe kayan wuta da leda, ka wanke, ka bari ya bushe. Sannan ka tayar da shi ya yi zafi, ka shimfiɗa farin kwali a ƙasa, ka bi da tocila. Idan ido ya kasa, ka barbaɗa hoda inda kake zato, sawun man zai fito a kai. Akwai kuma rinin da ake zubawa cikin mai, wanda ke walƙiya a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ka bi sawun zuwa sama har inda ƙarfe ya bushe. Can ne.

Ka sansana man. Na giya yana da warin farar wuta mai hawa kai, na inji ba shi da shi.

Ka fara dubawa daga saman inji, can ciki ta wajen giya. Abubuwa uku ne a wurin kusa da juna: makunnin fitilar mai, zoben robar na'urar da ke buɗe wa mai hanya idan ya yi zafi, da gasket ɗin murfin numfashi tare da tiyonsa. Kayan arha ne, amma idan ɗaya ya saki, man yakan gangara ta mahaɗar inji da giya, ya yi kama da yoyon babban sil na bayan kuloci. An sauke injuna da yawa saboda wannan kamanni, aka canza sil ɗin da lafiyarsa ƙalau, aka mayar, mai ya ci gaba da zuba.

Daga nan ka sauko. Bututan mayar da mai guda huɗu ne a ƙarƙashin silinda, biyu kowane gefe, zobban robarsu kan bushe da shekaru. Akwai masu zugewa, gida biyu, da ake sawa ba tare da an farke inji ba. Ka duba tiyon roba mai lanƙwasa da ya haɗa tanki da inji, da sil ɗin masanyayin mai, da ƙananan bututan da ke kai mai wajen sarƙar taimin. Idan motarka na da masanyayi a gaba, ka bi bututan da suka bi ta ƙarƙashin ƙofar dama. Kada ka yarda kowa ya sa jak a kansu.

Kada ka ƙara ɗaure notin murfin bawul don ya daina ɗiga. Murafan ƙasa na tsofaffin samfura da magneziyam aka yi su, ƙarfe ne marar nauyi mai saurin karkacewa. Ɗaurin da ake so kaɗan ne ƙwarai, kuma da sifana mai awo ake yinsa. Ka matse da ƙarfin damtse, ka yi gyaran gangar Auzinawa. Murfin da ya karkace a goge fuskarsa ta daidaita, ko a sa na alminiyam mai haƙarƙari irin na 911 Turbo.

Kada ka lafta gam a kan gasket. Abin da ya bultso waje, irinsa ya bultso ciki, kuma gutsurensa kan toshe ƙananan hudojin da ke fesa mai a kan kamshaf. Haka nan ruwan kwalbar da ake cewa yana tsayar da yoyo: roba yake kumburawa na ɗan lokaci, ba ya ɗinke tiyon da ya tsage. Mai mai kauri fiye da kima ma ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne.

Ka buɗe ido lokacin da aka cire murfin ƙasa. Idan noti ya faɗo da guntun ƙarfe a jikinsa, ɗaya daga dogayen kusoshin da ke riƙe kan silinda ne ya karye, cutar da aka san samfurin SC na 1978 zuwa 1983 da ita. Injin 2.7 na 1974 zuwa 1977 kuwa, kusoshin ba karyewa suka fi yi ba, zarewa suke daga jikin injin, wanda aka yi da magneziyam. A waɗannan biyun, da kuma idan ka tabbatar sil ɗin bayan kuloci ne, sai a sauke inji. In an sauke, a canza duk robar da hannu ba ya kaiwa idan inji na cikin mota, a duba kuloci ko ya sha mai, kuma kada ka biya kuɗin aiki sai motar ta yi zafi a hanya ta kwana a kan sabon kwali.