Gida a Bakin Tiga

Wani mai sauraronmu ya aiko da tambaya daga filin jirgin sama na Madina: yaya zai gina wa iyalinsa gida a bakin madatsar ruwa ta Tiga ba tare da ya ɓata wurin ba?

To Alhaji, ɗaga kai ka dubi ginshiƙan ginin da kake ciki, wanda aka buɗe a 2015. Siffar dabino aka yi musu, itacen garin. Kai ma bi abin da ka tarar a Tiga. Je ka a ƙarshen damina ka ga iyakar ruwa, sannan ka ja baya sosai. Kada ka sare ɗorawa ko giginya. Tagogi su fuskanci ruwa, a sa musu raga saboda sauro. Masai kuwa a haƙa shi nesa da tafkin, domin jama'a na shan ruwan.