Darasin Kimiyya: Haɗa Tayar Zafi da Tayar Kowane Yanayi a Mota Ɗaya

Ɗalibai, kowa ya buɗe tafin hannunsa ya duba. Kusan faɗin nan ne kawai kowace tayar ƙaramar mota take taɓa kwalta. Birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta waɗannan tafuka huɗu suke isa ƙasa, kuma gogayyar roba da titi ce ke riƙe motar.

A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Kanada, yanayi ake dubawa a ƙera taya. Robar tayar zafi takan yi laushi idan titi ya ɗau ɗumi, ta lafe a jikin tsakuwoyin kwalta. Zanenta ba shi da yawan tsaga, saboda haka roba mai yawa ce ke taka ƙasa. Amma idan sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, sai ta fara taurarewa, riƙonta ya ragu. Tayar kowane yanayi kuwa tsaka-tsaki ce. Robarta tana jure sanyi, tana da ƙananan tsagogi masu cizon dusar ƙanƙara, kuma galibi akwai alamar M+S a gefenta. Sai dai a busasshen titi mai zafi ba ta kai tayar zafi riƙo ba, motar kuma takan ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Yanzu ku matso kusa. Ga motar wasan yara, ga katako na jingina shi da tebur. Na naɗe tayoyin gaba da salatef don su riƙa zamewa, na sake ta. Kun ga ta gangara kai tsaye. To, bari in cire salatef ɗin in mayar da shi baya. Kun gani? Tun ba ta kai rabi ba ta juya, bayanta ya koma gaba. Tayoyin baya su ne ke hana mota wulwulawa. Idan na gaba suka zame a kwana, motar takan ƙi lanƙwasa, direba ya sassauta wuta ta dawo hanya. Idan na baya ne, sai ta yi hajijiya, kuma ba kowane direba ke iya tare wannan ba.

A nan haɗarin gaurayawa yake. Mutum ya sa tayoyin zafi a gaba, na kowane yanayi a baya: da rana mai zafi gaba ya fi baya riƙo, bayan ne zai fara kuɓucewa. Ya musanya su, sanyin hunturun Turai ya zo ya taurare na bayan, matsalar ta dawo. Mafi muni shi ne a sa iri biyu a hagu da dama, domin birkin gaggawa zai fizgi motar gefe guda. Na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, ita ma ba ta ƙirƙiro riƙon da roba ba ta da shi. Idan dole ta sa a sayi biyu kawai, su zama iri ɗaya, kuma masu kyawun su tafi baya, ko da tayoyin gaba ne ke jan motar.

Wannan ya shafe mu, kuma yana damuna ƙwarai. Tayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai a cakuɗe suke zuwa, har da na hunturu zalla, mai faci kuma lambar girma kaɗai yake dubawa ya ɗaura. Sai a cika motar da mutane a hau titin Kano zuwa Zariya a zafin Afrilu.

Aikin gida: ku duba tayoyi huɗun wata mota a unguwarku. Ku rubuta suna da girman kowacce, ko tana da M+S, da lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar. Idan kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Ku kawo ranar Litinin mu kwatanta.